Yuriya, kamfa ko takin gida: wanne za ka ba dashen itacen da ke cikin leda?

Mai sayen dashe tsawo yake fara kallo da koren ganye, wannan kowa ya sani. Ka ajiye masa leda biyu na darbejiya, ɗaya ta kai ƙugu ganyenta shar, ɗayar ko gwiwa ba ta kai ba amma karanta da kauri, to doguwar zai ɗauka har ma ya ƙara kuɗi yana ganin ya yi sa'a. Masu reno sun gane haka tuntuni, shi ya sa wasu ke barbaɗa yuriya idan damina ta ƙarato don kaya su yi kyan gani. Matsalar ita ce itacen da za a dasa a Yuli a ƙasar Jigawa ko Katsina ko Yobe ko can Maraɗi wata uku kacal gare shi na ruwa, daga Oktoba kuma shi ke nan, sai hunturu da iskarsa sannan zafin Maris da Afrilu, kuma abin da zai raba shi da mutuwa a wannan tsakanin yana ƙarƙashin ƙasa ne inda mai saye bai duba ba. Don haka zaɓin taki a wajen reno zaɓi ne na inda kake so tsiron ya zuba ƙarfinsa, sama ko ƙasa.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane wannan sauran duk lissafi ne. Ganye shi ke haɗa abinci da hasken rana, saiwa ita ke jawo ruwa da sinadarai daga ƙasa, cikinsu har da naitirojin wanda shi ne tsiro ya fi buƙata da yawa saboda da shi ake gina koren ganye. Abincin da ganye ya haɗa kuwa ba mai yawa ba ne a ƙaramin tsiro, dole a raba shi, wani a gina sabon ganye, wani kara, wani saiwa. To tsiro yana tura kaso mafi tsoka wajen ɓangaren da zai samo masa abin da ya fi ƙaranci. In naitirojin ya yi kaɗan sai ya rage yin ganye ya ƙara wa saiwa, ta yi tsawo ta shiga nema. In kuma naitirojin ya wadata har ya yi yawa sai ya ga ai babu dalilin wahalar da kansa a ƙasa, ya juya kan ganye da tsawo. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Brouwer ya nuna wannan tun a shekarun 1960, yana yanke wa tsiro wani sashe na saiwa ko na ganye, sai ya ga tsiron ya karkata girma wajen abin da aka yanke har sai ma'aunin da ke tsakanin sama da ƙasa ya dawo yadda yake. Daga baya aka gano cewa saiwar da kanta ce ke aika saƙon sinadari zuwa sama idan ta ji naitirojin, saƙon da ke cewa a buɗe ganye a yi reshe.

Amma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta, su ce toh ashe yunwa ce maganin, a hana tsiro taki kawai sai ya yi saiwa. A'a fa. Tsiron da ke cikin yunwa kason saiwarsa ne ya fi yawa in aka gwada da jikinsa, amma shi kansa jikin ƙarami ne. Rabin ƙaramin abu ba lallai ya kai sulusin babban abu ba. Za ka iya fasa ledar tsiron da aka ciyar daidai ka tarar saiwarsa ta fi ta mai yunwa yawa da nauyi, duk da cewa shi ganyensa ma ya fi yawa. Kuma mai yunwa ba shi da ajiya a jiki, ranar da aka kai shi gona aka fasa leda yana buƙatar fitar da sabbin jijiyoyi cikin gaggawa, da me zai yi su? Saboda haka gaɓa biyu ne ake gudu, wanda aka ƙosar har ya zama dogo siriri mai laushi, da wanda aka bari ya tsumbure ganyen ƙasa duk sun yi ɗorawa. Tsakaninsu ake nema, kuma kowane taki cikin ukun nan yana da yadda yake kai ka tsakiyar ko ya wuce da kai.

Yuriya tukuna, tunda ita ce ta fi jan hankali kuma ita ce ta fi ɓarna. Kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne zalla, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, babu fosfaras babu fotash ko ƙwaya. A gida ake yinta, Indorama na yi a Eleme ta jihar Ribas, ga kuma masana'antar Dangote ta Lekki da aka ƙaddamar a 2022, shi ya sa ko a kasuwar ƙauye za ka same ta ana aunawa a kwano, kuma in lissafin naitirojin kaɗai za a yi babu takin da ya kai ta araha. A gonar masara ko shinkafa wannan alheri ne. A cikin leda mai ɗaukar ƙasa kamar lita ɗaya kuwa wani zance ne daban. 'Yan ƙwayoyi da ka ɗebo da yatsu uku ka zuba a gindin tsiro sun isa su ƙona jijiyoyin sama, kashegari ka ga bakin ganye ya bushe kamar an gasa, ka ɗauka rashin ruwa ne ka ƙara ruwa. In bai ƙone ba kuma, cikin sati ɗaya zuwa biyu zai yi wani irin kore mai duhu, gaɓoɓin kara su yi nisa da juna, ganye ya yi faɗi da laushi, ka ji daɗi. Wannan laushin shi darɓa da sauran ƙwari masu tsotsa ke so, kuma a kan jarirai da ba su daɗe da tsirowa ba yawan naitirojin da danshi yana ƙara cutar nan da ke ruɓar da kara daidai bakin ƙasa tsiro ya kwanta. Sannan faɗin ganye yana nufin ruwa mai yawa na fita ta cikinsa kullum, a wajen reno ba za ka lura ba tunda safe da yamma ana ban ruwa, sai an kai fili.

Wani abin kuma yuriya ba ta zama. In ka barbaɗa ta a saman ƙasa mai ɗan danshi cikin zafin bazara ba ka bi ta da ruwa ba, wani kaso zai zama iska ya tashi, warin nan mai shiga hanci da ake ji shi ne takinka ke tafiya. Wanda ya shiga ƙasa kuma bayan 'yan kwanaki yana komawa nau'in da ruwa ke wankewa cikin sauƙi, ga ƙasarmu rairayi, ga leda da huji a gindi, ga ban ruwa sau biyu a rana. Sai ya zama tsiro ya samu ƙoshi mai yawa na ɗan lokaci sannan yunwa, ƙoshi sannan yunwa, wanda shi ne akasin abin da ƙaramin tsiro ke so.

Ba wai na ce haramun ba ce. In dole sai da ita, to a narka a ruwa, kada a zuba ƙwaya. Giram 1 a lita 1 yana ba da miligiram 460 na naitirojin, wannan ya yi ƙarfi sosai ga dashe. Abin da ya dace bai wuce wajen miligiram 100 a lita ba, wato giram 4 zuwa 5 a jarka mai lita 20, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tare da an yi masa tozo ba. Ka duba fa, da wannan awon buhu ɗaya zai yi maka jarka sama da dubu goma, kenan maganar araha ma ba ta taso ba a wajen reno, kwano ɗaya ya ishi ƙaramin mai reno shekara. Ka ba su da yamma bayan ka riga ka jiƙa ƙasar, ka ɗauraye ganyen da ruwa zalla, sau ɗaya a sati ko sati biyu, kuma sai ka ga alamar buƙata. Alamar ita ce tsofaffin ganyen ƙasa su fara yin ruwan ɗorawa gaba ɗayansu yayin da na sama ke da sauran kore, saboda tsiro na kwashe naitirojin daga tsoho ya kai wa sabo. In kuwa sabbin ganyen can sama ne suka yi fari-fari jijiyoyinsu na kore, wannan ba naitirojin ba ne, galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko ruwa ya yi yawa a leda, ka zuba yuriya ka ƙara dagula lamarin.

Kamfa, wato NPK, takin da ya haɗa naitirojin da fosfaras da fotash, lambobin jikin buhunsa kuma kason kowanne ne cikin ɗari, ya fi yuriya hankali. Mai lamba 15-15-15 kilo 7.5 na naitirojin ne a buhu, kusan sulusin na yuriya, mai 20-10-10 kuma kilo 10, don haka ko hannunka ya ɗan zarce ɓarnar ba ta kai ta yuriya ba. Babbar fa'idarsa ita ce fosfaras da fotash da ke tafe tare. Ƙasar yankinmu ta savana sananniya ce wajen ƙarancin fosfaras, kuma in shi ne ya yi ƙaranci ko ka cika leda da naitirojin tsiron ba zai ginu yadda ya kamata ba. Fotash kuma yana taimaka wa ganye wajen buɗewa da rufe ƙofofin da ruwa ke fita, abin da itacen da zai shiga rani ke matuƙar buƙata. Tsakanin lambobin biyu ni 15-15-15 zan ɗauka don dashe, shi 20-10-10 an fi yinsa ne da hatsi a rai, ya karkata wajen ganye. Awonsa kusan giram 13 a jarka mai lita 20, babban cokali ɗaya da bai cika ba, a jiƙa tun dare don ba ya narkewa da wuri kuma zai bar gari-gari a ƙasan jarka, wannan ba komai. Inda kamfa ya gaza shi ne bai gyara ƙasar ledar kanta, in rairayi ne zalla zai ci gaba da zubar da ruwa da takin tare, in laka ce za ta ci gaba da ƙanƙamewa ta shaƙe saiwa. Ga kuma jabu da gauraye a kasuwa, wanda aka auna maka a kwano daga buhun da ba ka ga bakinsa a ɗinke ba Allah kaɗai ya san me ke ciki.

Takin gida shi ne na fi yarda da shi a matsayin tushe, kuma dalilin yana da alaƙa kai tsaye da wannan rabon girma da muke magana. Busasshen kashin shanu naitirojin ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, kuma ba a sake yake ba, sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun ci sun narkar da shi sannu a hankali. Kenan tsiro yana samun kaɗan-kaɗan kullum, bai ƙoshi har ya yi watsi da saiwa ba, bai kuma ji yunwar da za ta tsayar da shi ba. Ƙari a kan haka yana riƙe ruwa a rairayi, yana sassauta laka, ƙasar leda ta dunƙule jikin saiwa yadda ranar dashe in ka yanka ledar ba za ta warwatse ba, kuma wannan dunƙulewar kaɗai tana ceton itatuwa da yawa. Haɗin da aka saba shi ne baro biyu na ƙasar sama, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe, in ƙasarka dama jigawa ce ka rage yashin ko ka bar shi.

Sai dai kalmar ruɓaɓɓe ɗin nan ita ce komai, kuma a nan ake cutuwa. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba zafi in ka cusa hannu cikin tsibin, ƙamshin ƙasa yake ba wari ba. Ɗanyen kashin kaji da aka kwaso daga gidan gona jiya jiya yuriya ce a wata riga, naitirojin ɗinsa ya ninka na shanu kuma yana sakinsa da sauri, zai ƙone jarirai ƙurmus. In kuma cike yake da dusar katako da ba ta ruɓe ba sai a samu akasin haka, halittun da ke cin dusar su kwashe naitirojin ɗin da ke ƙasar don kansu, tsiro ya yi ɗorawa alhali kai ka san ka sa taki. Kashin shanu da na awaki yana zuwa da irin ciyawa, da gwazarma mai cin saiwa, kuma wanda bai ruɓe ba yana kiran gara. Takin bola na cikin gari kuwa sai an tankaɗe shi sosai saboda leda da kwalba da tsohon batir, ni dai ba zan sa shi a zogalen da za a ci ganyensa ba. Wata matsalar ita ce ba ka san ainihin ƙarfinsa ba, na bana ba irin na bara ba ne, kuma idan dashe ya daɗe a leda wata huɗu biyar ƙarfin takin yana ƙarewa, a nan ne kamfa ke shigowa ya cike giɓi.

To amma duk wannan bai cika ba sai an tambaya wane itace ne, don ba duka suke amsa naitirojin iri ɗaya ba.

Gawo da dakwara da bagaruwa suna da ƙulle-ƙulle a saiwa inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna kamo musu naitirojin daga iska, irin na gyaɗa da wake. In ka ba su yuriya sai su rage yin ƙullen, tunda ciyar da waɗannan baƙin ma yana cin abinci, ga na banza ya samu. Ka kai su fili inda babu yuriya babu ƙulle, ka ga an yi biyu babu. Waɗannan takin gida kaɗan ya ishe su, in za ka ƙara wani abu to sufa ne mai fosfaras, sannan ka ɗebo 'yar ƙasa daga gindin babban itace irinsu ka gauraya a haɗin don ƙwayoyin su samu shiga. Gawo musamman uwar saiwarsa ke fara nutsawa tun saman bai kai komai ba, haka Allah ya yi shi, kada ka ga ya ƙi tsawo ka ce sai ka taimaka masa. Masu shuka dakwara don ƙaro a Jigawa da Yobe da Borno su ma wannan ya shafe su. Amma a kula, ba duk mai kwanso ne ke yin ƙullen ba, ɗorawa da tsamiya danginsu ɗaya da su amma ba a san su da kamo naitirojin ba, su suna amfana da ɗan ciyarwa.

Mangwaro da kashu ƙwallonsu babba ne, guzurin makonnin farko yana ciki, duk takin zamanin da ka zuba a lokacin asara ne ko ma cuta. Daga baya ne suke buƙata, kuma shi mangwaron da za a yi wa aure kauri ake nema, karan ya kai kamar fensir, ba tsawo ba. Wanda aka tura da yuriya ya yi tsawo da taushi bai cika karɓar aure da kyau ba. Itacen turare kuwa irinsa kamar ƙura yake, ba shi da wani guzuri, da ya fitar da ganye na gaskiya yake neman abinci, kuma yana amsa naitirojin da sauri fiye da kima, shi ne ya fi saurin zama dogo siriri in an matsa ledoji waje ɗaya. Darbejiya tana tsakiya, ba ta da fitina, haɗin takin gida mai kyau sau da yawa ya wadatar da ita har ranar dashe.

Zogale shi ne inda zan sassauta. In don ganye kake yinsa a lambu ko bayan gida inda za a ci gaba da ba shi ruwa duk rani, to ai ganyen kake nema, karkatar da girma zuwa sama shi ne ribarka, ba shi naitirojin bayan ya kafu a ƙasa, kashin kaji da ya ruɓe ya fi dacewa. Wannan ya nuna ainihin tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya zaɓi taki, wato ina itacen nan zai je kuma wa zai ba shi ruwa a watan Maris. Na lambu da na ƙofar gida da na fadama suna iya ɗaukar ganye mai yawa. Na shingen kare iska da na gona da na makarantu da ake dasawa a tafi a bari, irin wanda ake rabawa a jihohi 11 na arewa da ke cikin shirin nan na babbar katangar itatuwa ta Afirka da aka amince da shi a 2007, waɗannan saiwa da kauri kawai za su cece su.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin, wataƙila ma ya fi nau'in takin muhimmanci. Buƙatar tsiro tana girma ne tare da shi, jariri kaɗan yake ci, na wata biyu ya fi ci. Masana a Suwidin da Kanada, irin su Ingestad da Timmer, sun yi aiki a kan fara ba da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali daidai da girman tsiro maimakon a zuba da yawa tun farko, kuma an ga tsiron da aka rena haka yana tara ajiyar naitirojin a jiki wadda yake amfani da ita bayan an dasa shi. Itatuwansu na ƙasar sanyi ne, ba zan ce a kwafo awonsu ba, amma hikimar ta zauna. In ka shuka a Maris don dashen Yuli, makonni uku zuwa huɗu na farko ruwa kawai da abin da ke cikin haɗin ƙasa. Tsakiya, wato Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, nan ne za ka ba da ruwan kamfa in ganye ya nuna buƙata. Sati huɗu zuwa shida kafin dashe kuma ka tsayar da naitirojin cak, ka rage ban ruwa sannu a hankali, ka yaye rumfa su sha rana, ka buɗa tsakanin ledoji. Inuwa da cunkoso suna yin irin aikin da yawan naitirojin ke yi, suna tura tsiro sama yana neman haske, in suka haɗu su uku kuwa sai dai ka ga dashe na kwanciya da kansa. A wannan lokacin ganye zai ɗan rage sheƙi, kara ya yi tauri ya fara canza launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, kwastoma zai ce kayan sun rame, kai ka san yanzu suka yi. Ka riƙa ɗaga ledojin kana sauya musu wuri duk bayan sati biyu don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa, in ba haka ba ranar ɗauka za ka tsinke rabin abin da ka sha wahalar ginawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai gaya maka ko takinka ya zarce. Auna tsawon tsiro da santimita, auna kaurin kara daidai bakin ƙasa da milimita, raba na farko da na biyu. Masu harkar gandun daji suna son amsar kada ta wuce 6. Mai tsawon santimita 30 da kaurin milimita 5 ya ba da 6, lafiya lau. Mai santimita 60 da wannan kaurin ya ba da 12, wannan iskar farkon damina ma ta ishe shi. Sannan ka sadaukar da leda uku ko huɗu, ka fasa, ka wanke ƙasar a bokiti a hankali, ka duba. Kana son ganin fararen ƙananan jijiyoyi da yawa sun ratsa ko'ina, ba uwar saiwa ɗaya da ta naɗe a gindin leda ba. Ka yanke daidai wuya, ka shanya sama da ƙasa daban har su bushe ƙarau, in akwai ƙaramin sikeli ka auna, na sama kada ya wuce ninki biyu na na ƙasa in wurin da za a kai shi busasshe ne.

Saboda haka in ni za a tambaya, ruɓaɓɓen takin gida a cikin haɗin ƙasa shi ne na kowa da kowa, kamfa 15-15-15 a ruwa shi ne ƙari a tsakiyar reno ga turare da mangwaro da kashu da duk wanda zai daɗe a leda, yuriya kuma sai in ganyen ƙasa sun nuna yunwa ƙarara kuma babu kamfa a kusa, ita ma a jarka da cokalin shayi. Gawo da danginsa a bar su da takin gida da sufa.

Ranar dashe ma kada a zuba yuriya ko kamfa a cikin rami a ɗora tsiro a kai, saiwar da aka fasa wa leda tana da rauni, gishirin takin zai ƙone ta. Tun shekarun 1970 wani masani a Ingila mai suna Drew ya nuna a kan sha'ir cewa saiwa tana yin rassa da yawa daidai wurin da ta tarar da naitirojin, don haka ya fi kyau a gauraya ruɓaɓɓen taki da ƙasar ramin gaba ɗaya har ƙasa maimakon a tara shi a sama, takin zamani kuma a jira sai itacen ya kama ya fitar da sabon ganye, a sa shi nesa da gindi kaɗan a rufe da ƙasa, kuma kada a kai ƙarshen damina ana sawa don kada ya shiga rani da sabon toho mai laushi.

Wanda kuma ya riga ya sayi dogayen nan masu sheƙi, ba sai ya zubar ba. Ya ajiye su sati biyu zuwa uku inda rana ke samunsu rabin yini sannan cikakken yini, ya rage ruwa ba tare da ya bari sun yi yaushi har sun kwanta ba, kada ya ƙara musu komai. Ranar dashe ya rage ganyen ƙasa kamar rabi, darbejiya da turare da zogale ma suna jure a datse musu kai, amma mangwaro mai aure kada a yanke ƙasa da wurin auren. A dasa da yamma bayan ruwa ya sauka sosai, a kafa sanda a ɗaure shi sakwa-sakwa da tsumma, a yi masa ɗan kwari a gindi da zai tara ruwa, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki.